Ɗan Koyo da Babban Babur: Tarihin Wata Doka a Ingila, 1935 zuwa 2013

Kalmar babur ba Bahaushiya ba ce ta asali. Masana da dama suna danganta ta da kalmar nan ta Larabcin Masar da Sudan, babur ko wabur, wadda ake kiran jirgin ruwa mai tururi da ita, har ma da sauran injuna, ita kuwa ta samo tushe ne daga kalmar da Turawa ke kiran tururi da ita. Idan haka ne, ashe abin da Bahaushe ya fara lura da shi a jikin wannan abin hawa shi ne injinsa, domin ƙafa biyu ya riga ya san ta a jikin keke. To, a kan injin ɗin ne kuwa wata tambaya ta daɗe tana yawo a duk ƙasar da babur ya shiga, watau shin wanda bai daɗe da fara hawa ba ya kamata ya bar ƙaramin baburinsa ya koma kan wanda ya fi shi ƙarfi? In ya kamata, yaushe?

A yawancin wurare wannan magana takan tsaya ne tsakanin yaro da mahaifinsa, ko tsakanin mai saye da dillali. A ƙasar Ingila kuwa sai da ta kai gaban majalisa, aka yi mata doka, dokar ta kasa, aka sake wata, aka yi ta gyara fiye da sau biyar tsakanin 1960 da 2013. Makasudin wannan makala shi ne bin diddigin waɗannan gyare-gyare, domin a ga yadda hukuma ta fara da auna injin, masu ƙera babura suka yi ta zagaye ta, har daga bisani ta gane cewa mahayin ne ya fi cancanta a auna.

Zamanin da ba a tambaya

A shekarar 1935 ne jarrabawar tuƙi ta zama tilas a Ingila, tare da lasin na wucin gadi ga ɗan koyo, da kuma jan harafin L da yake liƙawa gaba da baya don mutane su yi hattara da shi. Tun daga nan aka sami wani bambanci wanda shi ne tushen matsalar duka. Mai koyon mota dole ne gwani ya zauna a gefensa. Mai koyon babur kuwa shi kaɗai yake fita bisa titi, ba wanda zai riƙe masa hannu, kuma yana iya sabunta lasin ɗinsa na wucin gadi shekara da shekaru ba tare da ya taɓa zuwa jarrabawa ba. Ba kuma wanda ya damu da girman abin da yake hawa. Yaro mai shekara 16, in dai aljihu ya yarda, yana iya sayen babur mafi ƙarfi a kanti ya hau ya tafi gida.

A cikin watan Mayu na wannan shekara ta 1935 ne T. E. Lawrence, sojan nan da ya yi suna a yaƙin Larabawa da Turkawa, ya faɗi daga kan baburinsa Brough Superior a lardin Dorset, yayin da yake ƙoƙarin kauce wa waɗansu yara biyu masu kekuna. Ya rasu bayan kwana shida. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya duƙufa kan binciken raunin kai, kuma aikinsa ne ya sa rundunar sojan Ingila ta wajabta wa mahaya baburanta hular kwano a 1941. Darasin da aka ɗauka a lokacin na kare kai ne. Maganar ƙarfin inji ba ta taso ba tukuna, domin Lawrence gwani ne, kuma irin baburinsa sai wane da wane.

Bayan yaƙin duniya na biyu al'amura suka sake. Aikin yi ya samu, aka daina rabon fetur da kati a 1950, kuma sayen kaya bashi a riƙa biya wata-wata ya yaɗu. Kamfanonin Triumph da BSA da Norton suka cika kasuwa da manyan babura, irin su Triumph Bonneville na 1959 wanda ke wuce mil 100 a awa, watau kilomita 160. Samarin ma'aikata suka mai da wannan adadi abin gasa, suna taruwa da dare a shagunan shayi na bakin hanya, wanda ya fi shahara shi ne Ace Cafe a arewacin Landan, suna tsere daga wannan shago zuwa wancan. A shekarar 1960 kaɗai mahaya babur da suka mutu a hanyoyin ƙasar sun haura 1,500.

Kafin a ci gaba ya kamata a bambanta ma'auni biyu, domin rikita su ne ya jawo kuskuren da ya biyo baya. Na farko shi ne si-si, watau faɗin cikin silindar injin, inda fetur da iska ke haɗuwa su kama wuta. Na biyu shi ne ƙarfin doki, watau ainihin aikin da injin yake iya fitarwa. Si-si kamar girman tukunya ne, ƙarfin doki kuwa kamar zafin wutar da ke ƙarƙashinta. Sau da yawa sukan tafi tare, amma ba dole ba ne.

Dokar si-si 250 da yadda aka zagaye ta

A farkon shekarun 1960 aka kafa doka cewa ɗan koyo ba zai hau babur da ya wuce si-si 250 ba, sai fa in an haɗa masa keken gefe mai ƙafa ɗaya. A bisa abin da ke kasuwa a lokacin, dokar tana da ma'ana. Babur mai si-si 250 na ƙirar Ingila, alal misali BSA C15 wanda ya fito a 1958, ƙarfinsa bai wuce na doki 15 ba, kuma da ƙyar yake kai mil 70 a awa. Masu doka sun ɗauka haka abin zai dawwama.

Ba su yi lissafi da mutanen Japan ba. Kamfanonin Suzuki da Yamaha da Kawasaki sun ƙware a kan irin injin nan da ke ƙona fetur tare da baƙin mai, wanda ba shi da nauyi, ga saurin juyawa. A tsakiyar shekarun 1960 Suzuki ya fito da T20 mai giya shida, bai wuce si-si 250 ba, amma ƙarfinsa ya kusa ninka na BSA C15. A 1978 sai ga Suzuki X7, wanda aka yi ta tallarsa da cewa shi ne mai si-si 250 na farko da ke taɓa mil 100. A 1980 Yamaha ya biyo baya da RD250LC, mai injin da ruwa ke sanyayawa, mai ƙarfin doki wajen 35. Abin da wannan yake nufi shi ne, saurayi mai shekara 17 wanda bai taɓa cin jarrabawa ba, kuma ba wanda ya taɓa koya masa taka birki, yana iya sheƙa gudun da aka kafa dokar domin a hana, alhali bai karya ko da harafi ɗaya na dokar ba. Ɗan hakin da aka raina shi ya tsone ido.

Irin wannan wasan ɓuya ya sake faruwa a mataki na ƙasa. A ƙarshen 1971 aka ɗaga shekarun hawan babur daga 16 zuwa 17, aka bar wa ɗan shekara 16 ƙaramin abin hawa mai si-si 50 wanda ke da feda irin ta keke. Abin da ke zuciyar masu doka shi ne keken nan mai ɗan inji da tsofaffi ke zuwa cefane da shi. Sai Yamaha ya ƙera FS1-E, cikakken ƙaramin babur mai giya, ya maƙala masa feda don cika sharaɗi kawai, yana kuwa gudun mil 45 ko fiye. Sauran kamfanoni suka bi sahu. Sai a 1977 hukuma ta farga, ta bar zancen feda ta ce irin wannan abin hawa kada a ƙera shi ya wuce mil 30 a awa. Wannan ne karo na farko da aka dubi abin da injin yake yi maimakon siffarsa.

A tsakanin nan, cikin 1973, hular kwano ta zama dole ga kowa. Mabiya addinin Sikh suka ce ba za su tuɓe rawani ba, har majalisa ta yi musu doka ta musamman a 1976 ta ɗauke musu. Wanda ya tuna abin da ya faru a Kano a farkon 2009, lokacin da aka matsa a kan hular kwano har waɗansu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka, ya san cewa rigimar hula ba ta wata al'umma ɗaya ba ce.

Ita jarrabawar kanta ba ta taka kara ta karya ba. Mai jarrabawa yakan tsaya ne da ƙafa a gefen titi, ya ce wa mahayi ya zagaya unguwa, ya riƙa hangensa idan ya gifta, sa'an nan a wani zagaye ya fito ya ɗaga hannu don ya ga yadda zai tsaya. Wanda ya ci wannan da safe a kan ƙaramin babur, da la'asar yana da ikon hawan Honda CB750 na 1969 mai silinda huɗu, ko Kawasaki Z1 na 1972 mai si-si 900. Babu wani mataki tsakanin ƙasa da ƙololuwa. A 1980 waɗanda suka mutu sun sake haura 1,000.

Dokar sufuri ta 1981 ce ta yi wa abin taron dangi. Daga 1982 jarrabawa ta kasu kashi biyu, aka kuma ce lasin na wucin gadi shekara biyu zai yi, wanda bai ci ba a cikinsu sai ya sauka ya huta shekara guda. Daga watan Fabrairu na 1983 aka mai da ɗan koyo kan si-si 125, kuma a wannan karon aka haɗa da iyakar ƙarfi, doki 12. Nan take baburan si-si 250 suka yi kwantai a kantuna. Samari dai ba su daddara ba, domin da yawa sun riƙa kai baburansu wurin makanikai a cire abin da aka toshe injin da shi. Amma ƙofar da masu ƙira ke bi ta rufu.

Abin da bincike ya nuna

A wannan shekara ta 1981 aka buga sakamakon wani bincike a Amurka wanda har yau ake komawa gare shi. Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya da abokan aikinsa sun bi diddigin haɗarin babur 900 a yankin Los Anjeles, suna zuwa wurin da abin ya faru suna aunawa. Abubuwa uku daga cikin abin da suka gano sun shafi tambayar da ake magana a kai. Kashi 92 cikin 100 na mahayan ba su taɓa samun horo na sosai ba, ko dai sun koya da kansu ko wani aboki ko ɗan'uwa ya nuna musu. Manyan babura ba su fi ƙanana yawan shiga haɗari ba, hasali ma sun gaza kasonsu, amma idan suka shiga raunin yakan fi muni. Abu na uku shi ne mafi jan hankali: fiye da rabin mahayan ba su kai wata biyar a kan baburin da suka yi haɗarin da shi ba, ko da yake jimlar daɗewarsu da fara hawa ta kusa shekara uku.

Wannan batu na ƙarshe yana bukatar a tsaya a kansa. Ma'anarsa ita ce iya hawa ba abu ne da mutum ke ɗauka gaba ɗaya ya ɗora a kan kowane babur ba. Wani ɓangare nasa a hannu yake da ƙafa, kuma ya saba ne da wani inji takamaimai: gwargwadon murɗa totur da zai sa a tashi ba tare da fizga ba, inda kuloci yake kamawa, yawan matsa birkin gaba kafin taya ta kafe, nauyin da za a kwantar a kwana. Ranar da mutum ya sake babur, wannan sani na jiki ya koma baya, ya sake zama ɗan koyo, sai dai yanzu ɗan koyo ne da ke ganin kansa gwani. Murɗar da ke ba shi mil 30 a kan tsohon baburinsa tana iya ba shi 60 a kan sabo cikin 'yan daƙiƙoƙi. Shi kuwa gudu lissafinsa ba na kai-tsaye ba ne, domin idan aka ninka shi sau biyu, tazarar da birki ke bukata takan ninka sau huɗu. Littafin dokokin hanya na Ingila ya ƙiyasta wa mota mita 23 kafin ta tsaya daga mil 30, amma mita 73 daga mil 60. Masu dawaki sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba a ɗora yaron da ya saba da jaki a kan ingarma ranar hawan salla.

Japan, wadda baburanta suka rikita dokar Ingila, ta bi wata hanya mai tsanani a gida. A 1975, saboda fitinar gungun samari masu tsere da dare, aka tsai da lasin na yau da kullum a kan si-si 400. Wanda ke son abin da ya fi haka sai ya je cibiyar jarrabawa ta 'yan sanda, inda kaɗan ne ƙwarai ke ci. Kafin ma a bar shi ya hau, sai ya nuna zai iya ta da babur da ya faɗi ƙasa, ya kuma tura shi da hannu yana lanƙwasawa. Akwai hikima a cikin wannan, domin abin da mutum ba zai iya ɗagawa ba linzami ne da ya fi ƙarfin bakin kaza. Sai a 1996 aka sassauta, aka yarda makarantun tuƙi su horar su bayar da shaida.

Daga injin zuwa mahayi

A 1989 mai jarrabawa a Ingila ya bar gefen titi ya koma bin ɗan koyo a baya yana yi masa magana ta rediyo. A watan Disamba na 1990 aka wajabta horon farko, watau ba wanda zai fita titi shi kaɗai sai malami ya koya masa a fili, ya kuma raka shi bisa hanya. A 1997 aka saka matakin da ya ɓace tun farko: wanda ya ci jarrabawa zai yi shekara biyu a kan babur da bai wuce ƙarfin doki 33 ba kafin a sake shi. Sai dai an bar wata kafa, cewa mai shekara 21 ko fiye yana iya yin jarrabawa a kan babban babur ya wuce kai tsaye.

Abin da ya biyo baya ya ba masu lura mamaki. Mace-macen da suka sauka zuwa 440 a 1996 suka sake hawa har 693 a 2003, kuma da yawa daga cikin mamatan ba yara ba ne. Magidanta ne masu shekara talatin zuwa hamsin, a kan manyan babura, a hanyoyin karkara. Waɗansu sababbin shiga ne, waɗansu kuwa sun ci jarrabawar nan ta zagayen unguwa tun suna samari, suka ajiye hawa shekara ashirin, sa'an nan da kuɗi suka samu suka sayi abin da ya ninka na ƙuruciyarsu ƙarfi. Lasin ɗinsu yana nan da ransa, hannunsu ne ya manta. Wannan ya nuna cewa yawan shekaru ba ya maye gurbin daɗewa a kan sirdi.

Tsarin da ake bi yanzu ya fara aiki ne ran 19 ga Janairu, 2013, bisa ƙa'idar Tarayyar Turai, kuma Ingila ta ci gaba da shi bayan ficewarta daga tarayyar. Mai shekara 17 yana iya samun lasin na si-si 125. Mai 19 yana iya hawa mataki na tsakiya, wanda iyakarsa kilowat 35 ce, watau wajen ƙarfin doki 47, tare da sharaɗi a kan nauyin babur don kada a sake ƙera marar nauyi mai tsananin gudu. Lasin marar iyaka kuwa sai mutum ya shekara biyu a mataki na tsakiya ya sake jarrabawa, ko kuma ya kai shekara 24.

Ba daidai ba ne a ɗora wa waɗannan dokoki dukkan yabo. Gaskiya ne a 'yan shekarun nan mace-macen sun tsaya tsakanin 300 da 350 a yawancin shekaru, amma yawan masu hawa ya ragu ƙwarai a shekarun 1980, tayoyi da birki sun inganta, haka ma aikin asibiti. Har yanzu kuma babura, waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 na zirga-zirgar hanya ba, su ke da wajen kashi 20 na mamata. Masu goyon bayan babban babur ma suna da hujjarsu. Mai si-si 125 a babbar hanya, manyan motoci na wuce shi iskarsu tana kaɗa shi, ba shi da sauran ƙarfin da zai kuɓuta da shi, ba a cikin aminci yake ba. Tun 2017 kuma duk sabon babur da ya wuce si-si 125 a Turai dole ne ya zo da birkin da ba ya kafe taya, abin da ba a wajabta wa ƙanana ba. Saboda haka tsarin na 2013 bai ce kada a hau babba ba. Abin da ya ce shi ne a hau tsani ɗaya-ɗaya, a daɗe a kan kowane, kuma wani ya duba kafin a ɗaga ƙafa.

A ƙasar Hausa tambayar tana da wata fuska dabam. Baburan da suka cika hanyoyin Kano da Katsina da Sakkwato ƙanana ne, yawancinsu tsakanin si-si 100 da 150, kuma koyonsu bai wuce na 'yan kwanaki a filin makaranta ko filin idi a hannun aboki ba, daidai da abin da Hurt ya tarar a Los Anjeles. Ƙarin da sabon mahayi ke yi a nan ba kasafai yake zama na inji ba, na kaya ne: yau shi kaɗai, gobe da fasinja biyu, jibi da buhun masara a kan tanki, alhali kowane ƙarin nauyi yana sake yadda babur ke tsayawa da yadda yake shan kwana. Daɗin daɗawa, manyan babura na hannu da ake shigowa da su daga ƙasashen waje sun fara yawa a Abuja da Kaduna da Kano. Lasin babur a Nijeriya aji ɗaya ne, watau ajin A, bai bambanta ƙarami da babba ba. Takardar da ta halatta wa mutum Bajaj Boxer mai ƙarfin doki wajen 8, ita ce ta halatta masa na tsere mai si-si 1,000 da ƙarfin doki 200, wanda a Ingila ba a miƙa wa kowa makullinsa bisa doka sai ya kai shekara 21 aƙalla.